Ƙuri'armu bashi ce, sai mu koyi bin bashi

Ranar Asabar 16 ga Agustan 2025 aka yi zaɓen cike gurbin ɗan majalisar jiha mai wakiltar Ƙaura Namoda ta Kudu, bayan rasuwar Aminu Ibrahim Kasuwar Daji, Allah ya jiƙansa. Kujera ɗaya ce tak daga cikin 24 da ke majalisar Gusau. Duk da haka, wanda ya shiga Ƙaura a wannan mako ya ga abin da ya daɗe bai gani ba. An jibge jami'an tsaro, jiga-jigan APC da na PDP sun tare a garin, kowane ɓangare yana zargin ɗaya da kawo 'yan banga. An soke ƙuri'un wasu rumfuna a mazaɓun Sakajiki da Kyambarawa, hukumar zaɓe ta ce zaɓen bai kammala ba, sai da aka koma bayan 'yan kwanaki aka ƙarasa, Kamilu Sa'idu na APC ya yi nasara. Idan aka haɗa ƙuri'un manyan 'yan takarar biyu, ba su kai dubu 15 ba.

Kamar makonni uku kafin wannan rana, a cikin ƙaramar hukumar nan ta Ƙaura, mutanen Banga suka karɓi labarin da ya girgiza ƙasar nan. 'Yan bindiga sun kwashe musu mutum fiye da 50, sun riƙe su wata da watanni, an tara kuɗin fansa an kai, sai suka sako 'yan kaɗan suka kashe fiye da 30. Shugaban ƙaramar hukumar da bakinsa ya tabbatar wa manema labarai.

Bayan zaɓen na je gaida wata innata, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta baro ƙauyenmu shekaru huɗu da suka wuce ta koma zaman haya a ɗaki ɗaya da jikokinta. Muna cikin hira na kawo zancen katin zaɓe, na ce ina nata. Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, mi ƙuri'a tay yi muna? Sojan da anka kawo don tsaron akwati, ina suke rad da anka kwashe mutanen Banga?” Ban ba ta amsa ba a ranar, don ba ni da ita. Na yi makonni ina juya maganar a raina, kuma abin da na samu shi ne nake rubutawa a nan, gare ta da gare ku mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, har da 'yan'uwanmu na Birnin Magaji da muke raba sanata ɗaya da su.

Zan fara da yarda cewa tana da gaskiya a kan abin da ta gani. Wanda bai san yankin nan ba sai ya ɗauka can dama haka yake. Ƙaura ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, an kammala shi a 1929, kuma ba don ado Turawa suka shimfiɗa shi ba, gyaɗa da auduga da fatu ne suka jawo shi. Tun 1983 akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a garin, wadda ta tara ɗalibai daga kowace kusurwa ta Najeriya. Kasuwar Shinkafi ta kasance matattarar fatake daga Nijar da Kudu, shanu da hatsi da albasa. Zurmi garin Alibawa ne mai tarihi tun zamanin jihadi, kuma Namodan da Ƙaura ke ɗauke da sunansa yana cikin sadaukan da suka yaƙi Alƙalawa. Amma a wannan ƙasa ce ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara kusan dubu 100 a Shinkafi da Zurmi a watan Yunin 2024, ta tarar da cewa cikin kowane yaro huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya yana fama da tamowa. Ƙasar fadama, ƙasar gero da dawa, ita ce ake kwantar da 'ya'yanta a asibiti saboda yunwa. A ƙarshen 2023 ma sai da ƙungiyar ta janye wasu ma'aikatanta daga Zurmi na wani lokaci saboda harbe-harbe sun matso kusa da asibiti.

Kuma ba za a ce ba mu gwada “namu” ba. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi, domin ni ma na taɓa yin ta. Mun yi gwamna ɗan Shinkafi, Mahmuda Aliyu Shinkafi, daga 2007 zuwa 2011. Tun kafin nan, a 1999, marigayi Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Olu Falae. Kakakin majalisar jiha daga 2019 zuwa 2023, Nasiru Mu'azu Magarya, ɗan ƙasar Zurmi ne, wanda ya gaje shi, Bilyaminu Moriki, shi ma ɗan ƙasar Zurmi ne. Kujeru dai mun riƙe. Amma a 2021, lokacin da Magarya ke kan kujerar kakaki, 'yan bindiga suka shiga garinsu suka sace mahaifinsa, dattijon ya rasu a hannunsu. Idan masifa ta kai ga gidan kakakin majalisa, to zancen cewa da ɗanmu ne a kai da an huta bai da tushe. Ɗan gida yana da daɗi, ba na musu, amma zama ɗan gida ba aiki ba ne, kuma ba alkawari ba ne da za a iya bin sawunsa.

To me ya rage? Shin sai mu bi ra'ayin Inna mu nade tabarmar zaɓe?

Ku duba abin da ya faru a Moriki a watan Satumbar 2024. Kafafen labarai sun ruwaito cewa ɗan bindiga Bello Turji ya aza wa garin harajin naira miliyan 30, aka bi gida-gida ana tarawa. Ba Moriki kaɗai ba, kowa a yankin ya san ƙauyukan da sai an biya kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Ma'anar wannan ita ce talakan Zurmi da Shinkafi yana ƙarƙashin hukuma biyu, kowace tana karɓa daga gare shi. Ɗaya tana daji, ba wanda ya zaɓe ta, ba ta da wa'adi, ba kotun da za a kai ta, ba ranar da za ta zo ƙofar gidanka tana roƙon ka. Ɗayar tana Gusau da Abuja, tana da rauni, tana da ha'inci a lokuta da yawa, amma duk bayan shekara huɗu dole ta sauko ta tsaya a gabanka. Ranar da ka ce ka bar zaɓe, ta dajin ba ta yi asarar komai ba. Abin da ka yi shi ne ka saki igiya ɗaya tilo da ke hannunka wadda ta ɗaure ta biyun.

Igiyar nan kuwa tana ja. Mutanen Zamfara sun fi na jihohi da yawa sanin haka, sai dai muna saurin mantawa. A ƙasar nan ba kasafai ake kayar da gwamna mai ci ba, mu kuwa mun yi sau biyu cikin shekara 12. A 2011 Abdul'aziz Yari ya kayar da Mahmuda Shinkafi yana kan mulki, kuma yana cikin jam'iyyar da ke riƙe da Abuja. A watan Maris na 2023 Dauda Lawal ya sami ƙuri'a 377,726, Bello Matawalle ya sami 311,976, alhali Matawalle ne gwamna, kusan dukkan tsofaffin gwamnonin jihar suna gefensa, kuma makonni uku kacal kafin nan jam'iyyarsa ta lashe zaɓen shugaban ƙasa a jihar. Wato mutane sun bambance akwati da akwati, sun yi wake da shinkafa da gangan. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake zaɓe a wasu wurare, ciki har da Birnin Magaji, kotun ƙoli ta soke wannan hukunci a Janairun 2024 ta bar abin da mutane suka zaɓa. Ba ina yabon wanda ya ci ko zagin wanda ya faɗi ba ne, kowannensu yana da masoya a cikin masu karanta wannan shafi. Abin da nake nunawa shi ne layin da tsofaffi da mata suka bi cikin rana shi ya sauke mai mulki ya ɗora wani. Kuma an yi haka ne da ƙuri'a wajen dubu 700 daga cikin mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu 900 da ke cikin rajista. Kusan biyu cikin uku ba su fito ba.

Inda matsalarmu take, a ganina, shi ne mun iya amfani da ƙuri'a a matsayin bulala, ba mu iya amfani da ita a matsayin bashi ba. Idan ranmu ya ɓaci sai mu tashi mu zane wanda ke kai, mu kawo wani, mu yi murna kwana uku, mu koma gida. Ba mu tambaye shi me zai yi ba, a wane wata, da wane kuɗi. Shi ma ya san ba za mu dawo ba sai bayan shekara huɗu. A kasuwar Shinkafi ba wanda zai ba da buhu goma na albasa bashi bai san ranar biya ba, bai kafa shaida ba, bai san gidan wanda ya karɓa ba. Amma amanar rayukanmu da gonakinmu ta shekara huɗu muna miƙa ta a kan waƙa da fosta da “sai ka yi”. Gwamnoni uku na baya-bayan nan kowanne ya zo da tasa hanyar game da 'yan bindiga. Yari ya yi sulhu da Buharin Daji a ƙarshen 2016, abin ya wargaje. Matawalle ya fara da sulhu a 2019, daga baya a Satumbar 2021 aka rufe layukan waya da kasuwannin mako-mako, har sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya kira ɗan'uwansa. Dauda Lawal ya ce babu sulhu, ya kafa Askarawan Zamfara a Janairun 2024. A cikin waɗannan manyan matakai da suka shafi wuyanmu kai tsaye, wanne ne aka zauna da mutanen Dauran ko Badarawa ko Kurya aka tattauna kafin zaɓe, har suka ce a kan wannan sharaɗi muka ba ka? Babu. Kwamitin da tsohon sufeton 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar ya jagoranta ya miƙa rahoto a 2019 cewa an kashe fiye da mutum 6,000 a jihar cikin shekaru takwas, ya kuma ba da shawarwari. Mu nawa ne muka taɓa tsayar da ɗan takara muka ce masa ina aka kwana a kan wannan rahoto?

Sayar da ƙuri'a kuwa shi ne yafe bashin gaba ɗaya. Wanda ya ba ka taliya da sabulu da dubu biyu a bakin rumfa ya biya ka, ciniki ya faɗa, ba ka bin sa komai. Shi ya sa idan ya hau ba ya ɗaga waya, kuma a lissafinsa bai ci amanar kowa ba. Sai dai ni ba zan ɗora laifin nan a kan matar da jikokinta suka kwana da yunwa ba. Wanda bai ci ba tun jiya ba a yi masa wa'azin shekara huɗu. Laifin yana kanmu, mu da muka yi boko muka yi allo, muke da albashi ko shago, muka zama dillalai tsakanin mai kuɗi da mai yunwa. Mu ne muke rubuta sunayen mata a takarda, mu ne muke raba atamfar, mu ne sojojin baka a rediyo da Facebook, kuma mu ne muke riƙe kaso mafi tsoka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma a wannan ciniki ɗan bokon unguwa ya fi kowa sanin abin da ake sayarwa da arha.

Akwai wani darasi da Zamfara ta koya wa Najeriya duka, mu kuma da abin ya faru a kanmu kamar ba mu ɗauka ba. A 2019 ɗan takarar gwamna na APC, Mukhtar Shehu Idris, ya sami ƙuri'a sama da dubu 500, na PDP bai kai dubu 200 ba. Ranar 24 ga Mayu, saura kwana biyar a rantsar, kotun ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani na halal ba, saboda haka duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza. Kujeru 36 suka sauya hannu a rana ɗaya, daga gwamna da mataimakinsa har sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai da 'yan majalisar jiha 24. Mutum rabin miliyan sun sha rana a layi, rigimar manya a kan wanda za a ɗora ta cinye wahalarsu. Wannan ya nuna cewa zaɓe yana farawa tun daga ranar da ake zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓa da daliget, a wani ɗaki da yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba. Idan aka yi ɗauki-ɗora a can, abin da zai iso gare ka a ranar zaɓe shi ne zaɓi tsakanin yaron wannan ubangida da yaron wancan. Malamin makaranta, ɗan kasuwa mai mutunci, ma'aikacin asibiti da ya yi ritaya, duk suna cewa siyasa ƙazanta ce, suna barin katin jam'iyya ga wanda ba shi da sana'a sai ita. Daga baya kuma mu zo muna mamakin irin mutanen da ke kan takardar ƙuri'a.

Haka kuma idonmu kullum yana kan babbar kujera. Kowa ya san sunan gwamna da na shugaban ƙasa, amma ka tsayar da mutum goma a tashar Ƙaura ka tambaye su sunan kansilansu. A watan Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye. A Nuwamban 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Zamfara, jam'iyya mai mulki ta kwashe kujerun ciyaman 14 da na kansila 147 duka, kamar yadda ake yi a kusan kowace jiha ko da wace jam'iyya ce ke riƙe da ita. Wannan ba abin alfahari ba ne ga kowa. Rijiyar burtsatse, rufin aji, maganin asibitin ƙauye, kwalbati a kan hanyar da ake gudu da mara lafiya, duk a wannan mataki suke, kuma nan ne muka fi sakaci. Majalisar jiha kuma a farkon 2024 ta rabu, aka dakatar da wasu mambobi, suka koma suna nasu zaman daban da nasu kakakin. Ko wane ne mai gaskiya a rigimar, mazaɓun waɗannan mutane sun daɗe ba mai magana da yawunsu a zauren da ake amincewa da kasafin kuɗi, a daidai lokacin da ake binne mutanensu. Da mun ɗauki kujerar nan tamu ce, da ba a yi wata guda ba dattawan mazaɓun sun cika Gusau suna neman a warware.

Game da tsaro kuma ya kamata mu san ƙofar da za mu buga. Tsarin mulki, a sashe na 14, ya sa tsaron jama'a da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Amma soja da 'yan sanda a hannun tarayya suke. Yari ya fito fili a 2018 ya ce ya ajiye sunan babban jami'in tsaron jiha tunda ba ya iya ba su umarni, Dauda Lawal ma ya sha yin irin wannan kuka. Matawalle kuwa a Agustan 2023 aka naɗa shi ƙaramin ministan tsaro. Saboda haka wanda ke neman kujerar sanatan Zamfara ta Arewa, da mai neman wakiltar Shinkafi da Zurmi, da mai neman ta Ƙaura da Birnin Magaji, su ne ya kamata a titsiye da tambayar sansanin soja nawa ne a kan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, da ta Zurmi zuwa Jibiya, me ya sa ake janye jami'ai daga gari ba sanarwa, mene ne matsayinsu a kan 'yan sandan jihohi, kuma me aka yi wa iyalan waɗanda jirgin yaƙi ya kashe bisa kuskure a Tungar Kara a Janairun 2025. Rabon babura da buhunan shinkafa na azumi ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ina jin wasu samarinmu suna cewa gara soja su karɓa kamar yadda aka yi a Nijar a Yulin 2023. Na san zafin da ke sa su faɗin haka. Amma mun yi zaman soja a ƙasar nan shekaru masu yawa, kuma abu ɗaya da na tabbata shi ne idan soja ya gaza ba ranar da aka ajiye maka ta sauke shi. A Senegal, cikin Maris na 2024, matasa sun zaɓi Bassirou Diomaye Faye shugaban ƙasa kwana goma bayan fitowarsa daga kurkuku, da kati suka yi, ba da bindiga ba. Mu da bindiga ta raba da gidajenmu bai kamata mu nemi ƙarin mulkinta ba.

Yanzu sai in koma kan Inna da ire-irenta, domin a nan ne nake ganin haɗarin da ba a cika magana a kai ba. Dubban mutanenmu sun bar ƙauyukansu, suna cikin garin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Gusau, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Da yawa sun gudo da kayan jikinsu kawai, katin zaɓe ya ƙone a ɗaki ko ya ɓace a hanya. Waɗanda ke da katin ma, rumfarsu tana can a ƙauyen da ba mai iya kwana. Ɗan siyasa kuwa da lissafi yake aiki. Yana da takardar da ke nuna masa ƙuri'a nawa kowace rumfa ta kawo a zaɓen baya, kuma da ita yake sanin inda zai kai taransifoma da inda zai yi wa alkawarin baka. Ƙauyen da ya kawo ƙuri'a 400 ana jin kukansa ko yaya ne. Wanda ya kawo sifili ya fita daga takardar, kuma ba wanda zai tashi a majalisa ya nemi a mayar da mutanensa gida. Mafi muni, rumfar da masu ita ba sa nan ita ce ta fi sauƙin a rubuta mata sakamako da sunansu. Ɗan bindiga ya kore ka daga gonarka, idan ka bar katinka ya salwanta ka taimaka masa ya share sunan garinku daga lissafin gwamnati.

Wannan yana da magani, kuma ba ya buƙatar izinin kowane ubangida. Hukumar zaɓe tana sake ba da kati ga wanda nasa ya ɓace ko ya lalace, tana mayar da rajistar mutum zuwa inda yake zaune yanzu, tana kuma da tsarin zaɓe na 'yan gudun hijira tun 2015. Amma tsohuwar da ba ta karatu ba za ta san wannan ba sai wani ya kama hannunta. Ga aiki nan ga ɗaliban kwalejin Ƙaura, da ƙungiyoyin matasan unguwanni, da malaman Islamiyya mata. Kada mu manta cewa a zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, iyayenmu mata na Arewa ba su jefa ba, sai a 1976 aka ba su wannan dama, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kanta. Abin da aka samo da wannan wahala bai kamata ya ɓace a hannunmu don rashin wanda zai raka tsohuwa ofis ba.

Bayan kati sai sharaɗi. Abin da nake roƙo shi ne kowace mazaɓa, tun kafin guguwar 2027 ta rufe ido, dattawa da matasa da mata su zauna su fitar da buƙatu uku ko huɗu, ba ashirin ba, waɗanda ido zai iya gani ko an yi ko ba a yi ba, kuma waɗanda ke cikin ikon kujerar da ake nema. A rubuta da boko da ajami. Duk ɗan takarar da ya zo, ko na wace jam'iyya ne, a karanta masa a gaban liman da mai unguwa, ya faɗi wanda zai iya da lokacin da zai yi, ya sa hannu, a ɗauka a waya. Wanda ya ƙi zuwa, a sanar da jama'a cewa ya ƙi. Na san a wasu ƙauyuka magana a kan tsaro a bainar jama'a tana iya jawo wa mutum kwana a daji, saboda masu kai rahoto suna cikinmu, don haka irin wannan zama a cikin gari ya kamata a yi shi, 'yan ƙauyen da ke zaune a birni su ɗauki nauyin faɗin abin da na gida ba za su iya faɗa ba. Ranar zaɓe a kasa, a tsare, a raka, a ɗauki hoton takardar sakamakon rumfa kafin ta bar wurin. Sannan, abin da ba mu taɓa yi ba, duk wata shida a kira wanda ya ci ya zo a buɗe takardar nan a gabansa. Tsarin mulki ya tanadi kiranye a sashe na 69 da na 110, kuma gaskiya ne har yau ba a taɓa yin nasarar sauke kowa ta wannan hanya ba, domin sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu. Amma ɗan majalisar da ya san akwai takarda da sa hannunsa a aljihun limamin garinsu, ya san kuma za a karanta ta a zaɓe mai zuwa, ba zai yi barci irin na wanda ya sayi kujerarsa da taliya ba.

Malamanmu suna da babban rabo a nan. Sun sha gaya mana cewa ƙuri'a shaida ce, kuma kowa ya san matsayin shaidar zur da na ɓoye shaida a addini. Ina roƙonsu da girman Allah su riƙe wannan magana har ƙarshenta, su zama masu ajiye takardar alkawari, kada su zama masu ɗaga hannun ɗan takara. Limamin da ya karɓi mota daga hannun mai neman kujera ba zai iya karanta masa alkawarin da ya saɓa ba.

Ban ce wannan zai kawo ƙarshen kashe-kashe a shekara ɗaya ba, kuma ban yi wa Inna wannan alkawari ba. Da na koma wurinta na gaya mata cewa waɗanda suka iya kawo jami'an tsaro don akwati za su iya kawo su don manomi, kuma dalilin da ya sa suka damu da akwatin shi ne abin da ke cikinsa yana iya raba su da kujera. Ta yi shiru, sannan ta ce katinta yana cikin kayan da ta bari a ƙauye. Washegari na ɗauke ta a babur muka je ofishin hukumar zaɓe, aka cike mata takardar neman sabon kati da ta mayar da rumfarta cikin gari. Ba a karɓi ko kwabo ba.

Kai mai karatu, a gidanku ko maƙwabtanku akwai irin Inna, wataƙila fiye da ɗaya. Ka tambaye ta yau ina katinta yake, idan babu ka sa rana a cikin makon nan ka raka ta.